Sunan Da Maharazu Ya Ƙi Faɗa

Da sunan Allah mai rahama nake farawa. Abin da za ku ji a Jibiya ya faru, a shekarun nan da kuɗin fetur suka sauko ƙasa, har mai tallan goro ya sayi rediyo ya rataya a wuya.

Wata Juma'a bayan la'asar Salmatu tana tsakar gida tana dama fura, sai ta ji sallama da ƙarfi kamar za a ɗage rufin ɗaki. Rifkatu ce, ƙawarta, matar Habila ma'aikacin kwastan da ke aiki a shingen Magama.

"Amarya, ajiye ludayin nan! Yau Oga ya zo mana da abin mamaki daga Kaduna!"

"Har yanzu amarya? An kusa shekara fa," in ji Salmatu tana dariya. Ta ja mayafi, ta ɗauki ƙwaryar furar ta bi ta zuwa zaure.

A zaure ta tarar da mijinta Maharazu, mai gyaran rediyo a bakin tasha, shi da Habila sun sa wani kwali a gaba. Abokai ne na ƙut da ƙut tun ranar da Maharazu ya tayar wa Habila wata rediyo da kowa ya ce ta mutu. Salmatu ta zauna daga bakin ƙofar ciki, bayan Rifkatu, tana leƙe.

Habila ya buɗe kwalin. Allo ne mai zanen gida da ɗakuna, ga 'yan itatuwa masu launi-launi kamar 'ya'yan lido, ga katuna masu hotuna.

"Wani Bature ne zai koma ƙasarsu ya bar min," in ji shi. "Gem ɗin mai sauƙi ne. An kashe maigidan nan, mu kuma..."

"A'a, tsaya!" Maharazu ya ɗaga hannu. "Ba a kisa a zaurena, ranar Juma'a ma. A mai da shi sata."

"Satar me?"

"Sa. An saci sa a gidan."

Aka yi dariya, aka yarda. Habila ya yi bayani. Za a zare kati uku ba wanda ya gani: ɗaya na mutum, ɗaya na wuri, ɗaya na abin da aka yi aikin da shi. A kife su da ƙoƙo. Sauran a raba wa 'yan wasa. In layi ya zo kanka ka jefa ɗan lido, ka shiga ɗaki, ka ce kana zargin wane, a wuri kaza, da abu kaza. Wanda yake riƙe da ɗaya daga cikin abin da ka ambata sai ya nuna maka a ɓoye, ka san ba shi ba ne. A haka a haka, abin da ba wanda ya iya nunawa, shi ne a ƙarƙashin ƙoƙo. Wanda ya fara faɗin ukun daidai, da babbar murya, shi ya ci.

Ɗakunan Turawa aka mai da su zaure da madafi da turaka da bayan rumbu. Sunayen mutanen kuwa karya harshe suke, sai aka raɗa musu na gida. Mai jar riga ta zama 'Yar Gayu, mai rawaya Soja, mai fara Kuku. Da aka zo kan wani ƙato mai koriyar riga da tumbi da farin saje, sai Salmatu ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Wayyo Allah! Wanga ai Babanmu ne ranar kasuwa!"

To, mahaifinta Malam Arzika dillalin shanu ne a karar Jibiya, kuma duk ranar Lahadi koriyar babbar riga yake sawa, don baƙin da suka tsallako daga Nijar su hango shi tun daga nesa. Kowa ya san shi da ita.

"Shi ke nan, an gama," in ji Habila. "Wannan Malam Arzika ke nan!"

Fuskar Maharazu ta canza. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga matarsa tana dariya har da hawaye, ya dubi baƙinsa da suka zo da farin ciki. Ya haɗiye maganar. Wannan haɗiyar ita ce mafarin duk abin da ya biyo baya.

Wasa ya yi daɗi, kwali ya zauna a gidan. Kowace Juma'a da la'asar zaure ya cika da abokai, Salmatu ta aiko da fura ko gyaɗa, ita da Rifkatu suna ciki suna jin ihu. Ko kwabo ba a ɗorawa, kai ne kawai ke aiki. A cikin masu zuwa akwai Ɗantala, direban fijo mai jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Ba mugu ba ne, amma bakinsa ba ya da murfi. Ranar da ya fara ci sai ya miƙe tsaye ya daki ƙirji.

"Malam Arzika, da igiya, a bayan rumbu! Buɗe ƙoƙo, Oga, na gama da ku!"

Daɗin cin ya bi shi har tasha. Washegari yaron mota ya nemi sifana ya rasa, Ɗantala ya ce, "Malam Arzika, da igiya, a bayan rumbu!" 'Yan kamasho suka bushe da dariya, suka ɗauka. Mai shayi ya rasa cokali, a faɗa. Ɗan dako ya rasa gammo, a faɗa. Magana ta hau mota ta wuce shinge ba wanda ya ce mata fasfo, ta sauka Ɗan Isa, ta ƙarasa Maraɗi. Su kuwa mutanen can ba su san da wani kwali ba. Abin da suka ji kawai shi ne sunan dillalin shanu, da igiya, da satar sa.

Wata Lahadi Malam Arzika yana tsaye a kara da koriyar rigarsa, sai ya hangi Ummaru, wani Bafulatani da ya yi shekaru yana kawo masa shanu. Ya nufe shi da fara'a. Ummaru ya kau da kai, ya miƙa igiyar bijiminsa ga wani dillalin.

"Ummaru, lafiya? Mi na yi maka?"

"Malam, ka yi haƙuri. Mun ji magana a Ɗan Isa."

Kafin azahar Malam Arzika ya ji maganar, ya ji kuma zauren da ta fito. Bai koma gida ba. Kai tsaye ya nufi gidan surukinsa ya tsaya a waje, don bai taɓa taka zauren ba.

"Salmatu! Fito da mayafinki!"

Maharazu ya fito a guje ya zube ƙasa. Salmatu ta biyo shi.

"Ni za ka mai da abin wasan karta?" in ji Malam Arzika. "Masu mota sun nemi ɗiyar nan, na hana, na ba ka kana gyaran rediyo a ƙarƙashin bishiya, don na ga kana da kunya. Ashe kunyar ta ido ce! Abin da dillali ya mallaka a duniya sunansa ne, ka ɗauka ka ba 'yan tasha. Wa ya sa sunana a cikin abin nan?"

Salmatu ta buɗe baki. "Baba, ai..."

"A zaurena aka yi, Baba," Maharazu ya tari numfashinta. "Ina zaune aka yi, ban hana ba. Laifina ne." Ya juya ya dube ta. "Salmatu, bi Baba. Kada ki ce komai."

"To ka rubuta mata takardarta."

"Baba, duk abin da ka ce zan yi. Wannan ɗaya ne ba zan iya ba."

"Za ka iya! Wuce mu tahi, ke!"

Haka Salmatu ta bi bayan mahaifinta tana kuka, tukunyarta na kan wuta.

A ranar Maharazu ya mayar wa Habila kwalinsa. Habila da Ɗantala suka je ba da haƙuri, Malam Arzika ya ce a gaya musu ba ya nan, alhali suna jin tarinsa. Shi kuwa Maharazu, kullum da safe kafin ya buɗe rumfarsa sai ya zo ƙofar gidan ya tsuguna. Malam Arzika ya fito, Maharazu ya ce, "Ina kwana, Baba." Ba amsa. Ya wuce shi kamar ya wuce turmi. Gobe Maharazu ya dawo. Aka aiko masa dattawa a kan maganar takarda, ya yi musu shimfiɗa, ya ba su ruwa, ya ce su taya shi ba Baba haƙuri. Makonni suka shuɗe a haka. Ya rame har agogo na yawo a hannunsa. Abokai suka ce, "Kai, mata sun ƙare ne? Ga kuɗi a gari, ka saki ka auri wata!" Ya ce su ci gaba da hirarsu, shi yana da aiki.

Salmatu kuwa abinci ya ƙi shiga. Ta aika wa Maharazu ta bakin Rifkatu cewa ita fa za ta faɗa wa Baba gaskiya. Ya aiko da amsa: kada ta kuskura. In Baba ya yi fushi da suruki, wata rana zai huce. In ya ji daga bakin ɗiyarsa abin ya fito, zuciyarsa ce za ta karye, kuma fushinsa a kanta ya fi ƙarfin su biyun.

Uwar Salmatu ta daɗe da rasuwa. Wadda ke riƙe da gidan ita ce Gwaggo Hajjo, yayar Malam Arzika, mai sayar da atamfa a cikin gida. Mata daga Daddara da Bugaje suna zuwa wurinta da shirin ciniki, su koma suna mamakin yadda aka yi suka saya. Wata rana Rifkatu ta shigo wai za ta sayi turmi ɗaya. Ta ɗaga wannan ta ce ya yi kyau, ta ɗaga wancan ta ce ya fi.

Gwaggo Hajjo ta karɓe zanen daga hannunta ta ninke.

"Ke, 'yar nan, ba zane ya kawo ki ba. Mai sayen zane kushe shi take, ke kuwa tun ɗazu yabo kike. Zauna. Mi ke bakinki?"

Rifkatu ta zauna, idonta ya kawo ruwa. "Gwaggo, wallahi ana zaluntar Maharazu. Tun da aka fara gem ɗin nan bai taɓa kiran sunan Baba ba, ko sau ɗaya."

"Yo ai dole. Wane ɗan mutunci ne zai kama sunan surukinsa? Amma an ce sai ka faɗi suna kake ci."

"Shi ya sa ba ya ci! Duk ya fi su kai, shi yake fara ganowa. In Soja ne ko Kuku, kafin su farga ya gama. Amma in mai koriyar riga ne a ƙoƙo, sai ya yi shiru ya fara tura wa mutane fura. Har Ɗantala ya gane. Da ya ga Maharazu ya ce a sha fura, sai ya yi tsalle ya faɗi sunan ya cinye."

Gwaggo Hajjo ta ƙura mata ido. "To wa ya raɗa sunan?"

Rifkatu ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Daga cikin ɗaki aka ji shessheƙar Salmatu. Gwaggo ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi Rifkatu, ta gyaɗa kai.

"Tashi ki tahi. Ki ce wa mijinki ya kakkaɓe kwalinsa."

Da Malam Arzika ya dawo ta bar shi ya ci tuwo ya wanke hannu, sannan ta jawo kujera.

"Arzika, ka taɓa sayar da sa ba ka buɗe bakinsa ka ga haƙori ba?"

"Yaya, in maganar yaron nan ce, na rufe ta."

"Ni na buɗe. Za ka kashe auren ɗiyarka a kan abin da ko ganinsa ba ka yi ba. A kawo shi nan ka gani."

"Caca a gidana?"

"Ba a sa ko anini. Na bincika."

"To ya rubuta takardar, sannan in gani."

"Albarka. Ka gani tukuna."

"Yaya, kin san asarar da na yi? Na tsaya a kara kamar gunki, yara na nuna ni!"

"Na sani, ni nake wanke rigar. Ban ce ba a yi maka laifi ba. Cewa na yi ka san wanda ya yi."

Suka yi ta ja, ya hau ta sauko da shi, ya kauce ta tare. Can ya buga tafin hannu a cinya.

"To na ji! Su zo ran Juma'a. Amma yadda suke yi a bayana haka za su yi a gabana, ba a canza suna ko ɗaya. Kuma in namiji ne, ya dubi idona ya kira ni ɓarawo kamar yadda ya saba. In ya yi, ya ɗauki matarsa su ɓace min da gani, na yafe su duka biyun. In ya kasa, takarda."

"Na saya," in ji Gwaggo Hajjo da sauri. "Gyara ɗaya za ka yi min. Ni zan sa katin a ƙoƙo, don ban yarda da hannun yaran nan ba."

Ran Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a zauren Malam Arzika. Shi yana kan buzunsa da carbi, fuska a murtuke. Habila da Ɗantala da Maharazu suka zauna a takure. Salmatu da Rifkatu suna bayan asabari a ƙofar ciki. Gwaggo Hajjo ta karɓi katunan ta juya baya. Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma mai sayar da atamfa ba a koya mata kore. Ta zare uku, ta kife ƙoƙo, ta ɗora ƙafarta kusa da shi.

Malam Arzika ya maimaita sharaɗinsa kowa ya ji. Habila ya dubi Ɗantala, suka fahimci juna: yau kowa zai yi wasan banza, a bar wa Maharazu hanya. Addu'arsu ɗaya, Allah ya sa Soja ne ko Kuku.

Aka fara. Layi ya zo kan Ɗantala, ya jefa ɗan lido har ya faɗa cikin takalmi.

"Ina... ina zargin... mai koriyar rigan nan..."

"Faɗi yadda kake faɗi a tasha!" Malam Arzika ya daka masa tsawa.

"Sori, Baba, wallahi..."

"Ban san sori ba. Faɗi!"

"Malam Arzika," in ji Ɗantala da 'yar murya kamar ta sauro, "da wuƙa, a turaka."

Habila ya nuna masa katin wuƙa. Wasa ya ci gaba. Maharazu ya tambayi Soja, aka nuna masa. Ya tambayi 'Yar Gayu, aka nuna masa. Kuku yana hannunsa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suna fita daga zargi, shi kuma gumi na tsattsafo masa a goshi. Malam Arzika da ya zo da niyyar kallon raini, tun tuni carbi ya tsaya a hannunsa. Ya sunkuyo yana bin kowa da ido, yana lura da wanda ya nuna da wanda ya kasa, kamar yadda yake karantar fuskar mai saye a kara.

Layi ya dawo kan Maharazu. Ya riƙe ɗan lido bai jefa ba.

"Mi kake jira?" in ji Malam Arzika. "Ni da ban taɓa ganin abin nan ba na gano. Fitila ce, a madafi. Ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baba."

"Saura mutum. Ka san shi?"

"Na san shi, Baba."

"To faɗi, ka ɗauki matarka."

Habila ya matso yana raɗa, "Maharazu, don Allah, kalma biyu ce! Shi ya ba ka izini!" Ɗantala ya ce, "Rufe ido ka faɗa, mutumina, gem ne kawai!"

Maharazu ya tattara katunansa ya ajiye a kan tabarma a hankali.

"Baba, ban taɓa faɗa a bayanka ba, ba zan fara a gabanka ba."

"Ka ji sharaɗina?"

"Na ji."

"Za ka rasa ta."

Hawaye ya gangaro masa. "Allah ya sani ina son Salmatu, Baba, gidana ya zama kango tun da ta fita. Amma in na kira ubanta ɓarawo don in same ta, da wane ido zan dube ta? In Allah ya ba mu 'ya'ya, mi zan ce musu na biya na dawo da uwarsu? Ka yi min duk hukuncin da ka ga dama. Bakina ba zai iya ba."

Sai asabari ya ɗage da ƙarfi. Salmatu ta faɗo zauren ta kama ƙafar mahaifinta.

"Baba, ni ce! Wallahi ni ce! Ni na ga hoton na ce ya yi kama da kai, don rigar, don sajen, ban yi da raini ba, Baba, daɗi na ji kamar na gan ka! Shi ko dariya bai yi ba. Ya hana ni faɗa don kada ka yi fushi da ni. Ka dake ni, Baba, amma kada ka raba ni da shi!"

"Ni kuma na kama sunan, Baba," in ji Habila. "Ban san nauyinsa ba."

"Ni na kai tasha," in ji Ɗantala, kansa a ƙasa. "Kuma duk cin da na yi, cinsa ne ya bar min."

Malam Arzika ya ajiye carbinsa. Ya daɗe yana kallon Maharazu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗaga ƙoƙon, ya ɗauki katin mai koriyar riga ya kai kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake matso da shi.

"Wanga ƙaton tumbin... ni ne wanga?"

"Har sajen," in ji Gwaggo Hajjo. "Shi dai ya fi ka hanci."

Wata irin dariya ta ƙwace wa Malam Arzika, ta fito tare da hawaye. Ya sa hannun riga ya goge fuska, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya kamar wanda aka ɗauke wa buhun gero daga ka.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Shanu suna zuwa suna tahiya, wanga ban damu ba. Abin da ya hana ni barci shi ne in ce na yi shekaru ina duba dabba ban yi kuskure ba, sai a kan mijin ɗiyata idona ya ci amanata. Ashe bai ci ba." Ya dafa kan Salmatu. "Tashi, uwata, na yafe. Amma daga yau in kin ga mai kama da ni, ki yi dariyarki a ciki." Ya juya. "Maharazu."

"Na'am, Baba."

"Duk gaisuwar da ka yi min a ƙofar nan, na ji ta. Yau na amsa. Lafiya lau na kwana."

Maharazu ya kifa kai a tabarma yana kuka. Rifkatu ta rangaɗa guɗa daga ciki, ta manta gidan manya take.

Ɗantala ya fara laluben takalminsa, Gwaggo Hajjo ta taka ɗaya.

"Ina za ka? Kai da ka kai kaya, kai za ka dawo da su. Ran Lahadi ka ɗauki kwalin nan ka shiga kara, ka nuna wa kowa hoton, ka faɗi yadda aka yi. Sannan Ɗan Isa."

"Gwaggo, kara dai ta isa..."

"Da Maraɗi."

"Haba Gwaggo, 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, za su ce kayan fasa-ƙwauri ne!"

"Da tashar Katsina. Ƙara magana in ƙara gari."

"Na yarda! Wallahi na yarda!"

Kafin magariba Gwaggo Hajjo ta ɗaure wa Salmatu kayanta, ta ɗora mata sabon turmin atamfa a kai, abin da ba a taɓa ganin ta bayar kyauta ba. Maharazu yana gaba, Salmatu na biye, har suka shiga lungunsu. Nan ta matso kusa da shi.

"Maigida, da Baba ya tsaya a kan maganarsa fa? Da ya ce sai takarda?"

"Da gobe da safe ya same ni a ƙofarsa."

"In ya ƙi amsawa?"

"Jibi ma akwai safiya."

Ta rufe fuska da mayafi, ba a san ko kuka take ko dariya ba, ta riga shi shiga gida.

To, 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Wasa ba laifi ba ne, ku taru ku yi, ku wasa ƙwaƙwalwa, ku sha furarku. Amma sunan mutum ba kayan wasa ba ne, balle na iyaye, don in ya fita daga zaure ba ku da ikon cewa ya tsaya. In kun ga abin da bai dace ba, ku hana tun yana ƙarami, kada kunyar baƙo ta rufe muku baki. In kuma ɓarna ta riga ta auku, ku yi haƙuri irin na Maharazu. An ba shi matarsa a kan farashin mutuncin ubanta, ya ce bai saya ba, Allah kuwa ya ba shi ita da mutuncin gaba ɗaya. Ke kuma yarinya, in za ki zaɓi miji, kada ki tsaya kan abin da yake iya faɗa miki. Ki duba abin da ba zai yarda ya faɗa ba ko da zai rasa ki.

Nan na tsaya. Allah ya ba mu masu kunya a gidajenmu, amin.